Yatsun da Na Gasa a Abijan

Mutumin da ya fara cutata a hanyar Kurmi da harshen Adar ya gaishe ni. A tashar Bobo ne, motarmu ta sauke mu muna jiran wata. Ina zaune a kan jakata kamar kaza a kan ƙwai, sai ga wani dattijo da farar hula da casbi, ya tsaya ya ƙare mini kallo ya ce, "Samari, kai ɗan ina na? Wagga huska tamu ta." Na ce daga wajen Bambeye nake, ƙasar Tawa. Ya riƙe baki. Ya san kasuwarmu, ya san rijiyar bakin gari, ya ce har tuwo ya taɓa ci a gidan maigarinmu. Ni kuwa da na kwana biyu ban ji Hausa irin tamu ba, sai na ji kamar kawuna na gani. Da azahar ta yi ya ce, "Tahi ka yi sallarka, ɗana, ni ka tsaron kaya." Na sallame na dawo, ba dattijo ba jaka.

Tufafin ba su dame ni ba, haka ƙuli-ƙuli da yajin da Inna ta ƙulla mini. Abin da ya sa na zauna a ƙasa na yi kuka, ni ƙato gemu yana tsirowa, shi ne rigar Baba. Baba ya rasu daminar da ta wuce. Bai bar hoto ba, don bai taɓa yarda da masu hoto ba, kuma rigar nan ita kaɗai ce abinsa da zan iya naɗewa in tafi da ita. Wata mai sayar da dafaffiyar doya, 'yar Mosi, ta daɗe tana kallona. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarenta. Ta zubo doya a takarda, ta barbaɗa yaji, ta ajiye a gabana ta koma kan tirenta. Da na ɗaga kai zan yi godiya, ta yi mini alama da hannu in ci kawai. Kuɗin mota a wando na ɗaure su, shi ya sa tafiyar ba ta ƙare a nan ba.

Daga Bobo har muka tsallaka iyaka maganar Inna nake ta juyawa. Ba ta yi mini dogon wa'azi ba, ba halinta ba ne. Cewa kawai ta yi, "Alkasum, dud abin da za ka aiko min, shi zan wanda ni ka ci in tashi in yi salla." Ta san abin da take faɗa. A ƙasarmu kowa ya tashi da labarin wani mutumin wani ƙauye da ya je bida, wato ci-rani, ya dawo da mota ba a san sana'arsa ba, aka ce sassan mutane yake kai wa matsafa. Ko gaskiya ne ko ƙarya, Allah masani, amma an ce uwarsa har ta mutu ba ta sa loma ɗaya ta abincinsa a baki ba. Mu 'yan Adar bida gadonmu ce, da wuya ka ga gidan da ba shi da wani a Kurmi. Duk da haka tsoron nan yana nan kwance a ƙarƙashin kowace albarka da uwa za ta sa wa ɗanta.

A Abijan na sauka a unguwar Ajame, ɗakin 'yan garinmu, inda ake kwana kamar albasa a buhu. Wanda ya tarbe ni Hamidin ne, ɗan kawuna, wato taubashina. Tun muna yara ba ma gaisawa sai da tsiya. Da ya ji labarin jaka ya yi dariya har ya riƙe bango, ya ce, "Kai, Alkasum, rowa gare ka. Da ka ba bawan Allah wandon ma, shi cika ladarshi." Yana gama faɗa ya buɗe akwatinsa ya ba ni riga biyu, ya matsa mini rabin tabarma. Haka Hamidin yake, bakinsa ba linzami, zuciyarsa ba ƙofa.

Aikin farko da na samu turin amalanke ne, ina kai buhunan fulawa gidajen burodi. Ruwan Abijan ba irin namu ba ne da ake roƙo ana kallon gabas. Shi ba ya sallama, ba ya kuma gajiya. Wata rana ya kama ni a unguwar Markori da buhunan wata mata mai gidan gato, wato kek. Na tuɓe rigata da ledar da nake rufe kaina na lulluɓe fulawar, na iso ƙofarta ina rawar ɗari. Ta fito, gajeriya mai jiki, da tawul a kafaɗa. Ta taɓa buhunan ta ji su a bushe, ta dube ni sama da ƙasa, sai ta hau ni da faɗa da Faransanci, wai wane irin sakarai ne zai kashe kansa saboda gari. Ɗan Faransancin da na tsinta a lakwal, makarantar boko, ya ishe ni in gane zagi. Tana faɗan tana tura ni kusa da tanda, tana miƙo mini shayi da madara. Washegari ta ce in bar amalanke in zo in riƙa wanke mata tire.

Sunanta Tanti Akisi, 'yar Bawule ce, Kirista. Bakinta ya fi tandarta zafi. Tawul ɗin nan na kafaɗa da shi take goge hannu, da shi take korar ƙuda, da shi take zabgar duk wanda ya bar gato ya ƙone. Amma ita ce ta share mini lungu bayan buhuna ta ce nan ne masallacina, kuma in lokaci ya yi ina tsakiyar aiki sai ta ce, "Kasum, je ka yi sallarka, gato zai jira." Ta nuna mini 'yan kwalaben giya da ake ɗiga wa wasu gato, ta ce waɗannan ba ruwana da su, ita za ta riƙa yi. Daga wanke tire na kai ga kwaɓi, daga kwaɓi na kai ga yanka. Na fara aike gida. Wani ɗan kasuwa a Tawa yakan kai wa Inna buhun shinkafa da mai, ƙanwata Zali ta kara mata waya a kunne, in ji muryarta tana sa mini albarka. A ranar da na ji wannan murya, ko Tanti ta zabge ni da tawul dariya nake yi.

Wajen ƙarshen Oktoba wata madam daga Kokodi, unguwar masu kuɗi, ta zo da mota mai sanyi, ta daɗe tana nuna wa Tanti hotuna a waya. Da ta tafi, Tanti ta kira ni ta ce muna da babban aiki, bikin yara ne, sunansa Alowin. Ta miƙo mini wayarta. Na duba na ga jemage, na ga gizo-gizo, na ga ƙoƙon kan mutum, na ga wani abu fari a lulluɓe kamar gawa a likkafani. Sannan na ga tire cike da yatsun mutane, da farcensu, da jini a gindi. Na ajiye wayar a hankali, na karanta abin da ya zo bakina, na fara satar kallon ƙofa. Ashe labarin gaskiya ne, kuma ga ni tsundum a ciki, har na sha musu shayi da madara.

Tanti ta ga fuskata, ta fashe da dariya har sai da ta zauna a kan buhu. Da ta samu numfashi ta ce, "Kasum, fulawa ce! Fulawa da bota da sukari da ƙwai, irin wadda ka kwaɓa jiya." Ta ce al'adar Turawa ce, yara su yi shigar dodanni su ci kayan zaƙi, masu kuɗin Abijan suka gani suka ɗauka. "Ni ma ban ga kyansa ba," in ji ta, "amma mai gidan gato ba ya tambayar mutane dalilin murnarsu."

Na ce to, jemage zan yi, gizo-gizo zan yi, kabewa mai haƙora zan yi, yatsun ma in ta ce fulawa ne zan gwada. Amma mai likkafanin nan ba zan taɓa ba. Na ce da hannuna na riƙe likkafanin ubana, ba abin wasa ba ne a wajena. Na yi zaton tawul zan sha. Sai ta dube ni wani iri, ta ce waɗannan da ƙoƙon kai ita za ta yi da kanta.

Yatsuna na farko abin kunya ne. Na mulmula su sumul, kowane kamar ɗan'uwansa. Tanti ta ɗaga ɗaya ta ce, "Wannan yatsa ne ko rogo? Kai ba ka taɓa kallon hannun mutum ba? Rufe ido ka tuna hannun da ka sani."

Na rufe ido, hannun Baba ne ya zo. Rijiyoyin ƙasarmu zurfi gare su, kuma tun yana saurayi igiyar guga ta taɓa kama masa manunin dama. Ya warke, amma gaɓar sama ta karkace ta kwanta wajen ɗan'uwansa, gaɓar tsakiya ta yi kauri, farcen ya yi faɗi. Da wannan yatsa yake nuna mini ciyawar da na tsallake a gona, kuma saboda karkatar, kullum sai in duba inda ba can yake nufi ba, in sha rankwashi. Na ɗauki kwaɓin na mulmula, na matse tsakiya na bar gaɓa, na lanƙwasa saman kaɗan. Na ja layi-layi da bakin wuƙa a kan gaɓar. Na danna amand, wata irin gyaɗar Turawa mai faɗi, a matsayin farce.

Tanti ta ɗauka ta juya shi ta ce, "Yawwa, wannan ya yi noma. Na wane ne?" Na faɗa mata. Ta mayar da shi kan tire a hankali. Haka na cika tire bayan tire. Jan konfitir, wani zaƙin 'ya'yan itace mai kauri da ke zama jinin, ban iya ɗigawa ba, ita ta bi bayana tana sawa. Wani zai ce ya kamata in ji abin wani iri, amma gaskiyar magana daɗi na ji. Tun da aka ɗauke rigar nan a Bobo ban ji Baba kusa da ni ba kamar ranar.

Da la'asar muka kai kayan Kokodi. Wani gida ne mai ciyawa kamar an shimfiɗa darduma, an rataya yanar gizo ta auduga a itatuwa, yara sun cika wurin. Wannan ya yi shigar ƙwarangwal, wannan ta sa doguwar baƙar hula ta riƙe tsintsiya, wancan ya naɗe kansa da bandeji yana tafiya kamar mai ciwon baya. Kowa da 'yar jakarsa, suna bin manya ana zuba musu alewa. Ƙwarangwal ɗin ya taka rigarsa ya faɗi, ya ɓarke da kuka yana kiran mamansa. Sai na ji dariya ta kama ni. Ashe tashe ne! Mu ma da azumi mun manna gemun auduga, mun cusa tsumma a ciki, mun bi gida-gida ana ba mu hatsi. Bambancin kawai, su nasu gemun daga kanti aka sayo. Suka yi wa yatsuna caa, suna ihu suna gatsa, kafin mu juya tire ya zama wayam.

Washegari Tanti ta rufe shago. Da ta dawo idanunta sun yi ja, hannunta da farar ƙasa. Mai gadin layin ne ya gaya mini ranar da suke ziyarar matattunsu ce, ta je ta wanke kabarin ɗanta Kofi, wanda da yana raye da ya kai shekaruna. A nan na gane kallon da ta yi mini a kan likkafani.

Abin da ban ɗauka da muhimmanci ba shi ne, ranar da muka gasa yatsun, Hamidin ya biyo ta shago da tallarsa ta tabarau. Ya same ni riƙe da tiren yatsu, jan konfitir ɗin da Tanti ta ɗiga duk ya shafe gaban rigata, ya ɗauke ni hoto. Ya tura wa sa'o'inmu na gida, ya bi shi da murya yana ƙyalƙyala dariya, wai jama'a ku zo ku ga sana'ar taubashina, gato na, amma ku dibi huskarshi. Duk wanda ya san mu ya san wasan taubasai ne. Sai dai hoto ya fi murya sauri. Wannan ya tura wa wancan, wancan ya nuna a majalisa, wani ya nuna wa matarsa. Hoton ya yi ta tafiya shi kaɗai, dariyar Hamidin ta tsaya a hanya.

Na kira gida, Zali ta ce Inna tana maƙwabta. Na sake kira, ta ce tana barci, Innar da ban taɓa ganin ta kwanta da rana ba. Da na matsa mata sai ta sa kuka.

"Yaya, hoton ga ya gama gari. Mata sun bar zakkuwa ɗibar wuta gidanmu. Inna ta sa an hidda buhun shinkahwa zaure da man duka, ta ce ba ta ci. Surhe taka yi gidajen mutane a ba ta ɗan tsaki."

Na ce, "Ta ga hoton?"

"Ta ƙi dubawa. Ta ce in tag gani da idonta, bakinta na iya hwaɗin abin da ba a maidawa."

Na jingina da buhunan fulawa. Inna da ciwon gwiwa, tana surfe a gidan mutane, ga shinkafa a zaurenta. Kuma ko a cikin wannan hali tana tsare ni daga bakinta.

Duk dabarar da muka yi ƙara dagula abin ta yi. Hamidin ya yi ta tura murya yana rantsuwa, har da kuka, aka ce ai dole ya kare ni, ɗaki ɗaya muke kwana. Muka ce to bari a yi bidiyo. Na gasa yatsa ɗaya, na gatsa a gaban waya ina murmushi don su ga gato ne. Kafin magariba labari ya dawo mana cewa abin ya wuce sayarwa, yanzu har ci yake yi. Tanti ta ce mu duka sakarkaru ne, uwa da uwa su ke gane juna, a ba ta waya. Zali ta kara wa Inna a kunne, Tanti ta yi ta zuba Faransanci da ƙarfi, tana haɗawa da Julanci, tana dariya don ta nuna ba komai. Da aka kashe, Zali ta ce Inna tambaya ɗaya ta yi: "Ita ta uwar matsahan?"

Disamba ta kama, lokacin da gidan gato ba a zama, ga Nowel, babbar sallar Kirista, ga sabuwar shekara, kuma hannuna ne Tanti ta dogara da shi. Ban iya buɗe baki na ce zan tafi ba. Ita ce wata safiya ta ƙwace kwaɓin daga hannuna ta ce, "Kasum, gatonka ya fara ɗaci. Ni nawa ɗan sai dai in wanke masa kabari. Kai taka uwar tana da rai, tana jin yunwa, kana nan kana yi mini jemage. Tashi ka tafi." Ta ƙulla mini amand a leda, da gwangwanin bota, da kwalbar konfitir, da 'yar wuƙar da nake jan layi da ita. Ta ce, "Kada ka kai mata gasasshe, za su ce daga nan ka zo da shi. A gabanta za ka yi, tun daga gari." Na durƙusa zan yi godiya, ta zabga mini tawul a wuya ta juya baya, tana faɗa da tanda wadda ba ta yi mata laifin komai ba.

Hamidin ya raka ni tasha, karo na farko a rayuwarmu bai tsokane ni ba. Ya ba ni turmin zane ya ce in kai wa gwaggonsa, in ce mata ɗan ƙanenta jaki na. Na ce wannan ai ta daɗe da sani. A Bobo na duba ko zan ga dattijo mai casbi, ban gan shi ba. Mai doya kuwa tana nan a gurbinta. Na ajiye mata ledar gato a kan tire, na gaskiya mai siffar fure. Ba ta gane ni ba, ta yi ta kallona da mamaki, na yi mata alama da hannu ta ci kawai.

A kasuwar Tawa na sayi fulawa da sukari, na hau motar garinmu. Da na sauka, mutanen da suka goya ni suna amsa sallamata suna kallon jakata. A zaure na ga buhun shinkafar, ɗinkinsa ko zare ba a ja ba, kaji sun mai da shi wurin kwana. Inna tana zaune a gindin turmi. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Ta amsa gaisuwata, ta tambayi hanya, ta sa Zali ta kawo mini ruwa, amma idonta yana kan ƙasa. Na ce, "Inna, ban zaka da magana ba. Gobe in Allah ya kai mu ina son ki ara min tukunyarki babba, da ƙwan kajinki, da hannunki." Ta ce, "Tukunya dai ba ta da laihi."

Da hantsi na zuba rairayi a gindin tukunya na ɗora a murhu, na hura gawayi a gefe don murfi, yadda masu gato na ƙauye suke yi. Kafin wuta ta kama, katangarmu ta cika da kawunan mata, waɗanda suka daina zuwa ɗibar wuta. Ban kore su ba, su nake so. Na miƙa wa Inna rariya na ce ta tankaɗe garin da kanta. Ta taɓa, ta shinshina, ta ɗanɗana a harshe, ta tankaɗe. Na ce ta fasa ƙwan. Ta fasa. Na buɗe bota da sukari na ba ta ta ɗanɗana, na lakato konfitir na ba Zali, ta lashe ta ce a ƙara mata. Wata daga kan katanga ta ce, "Jinin na taka sha!" Wata ta ce mata ta yi shiru ta ga ƙarshen abin.

Na kwaɓa a gabansu. Na san in wannan bai yi ba, ba ni da wata dabara. Na gutsuro na mulmula, na matse tsakiya, na lanƙwasa sama, na ja layi da wuƙar Tanti, na danna amand. Na jera su a faranti na sa a tukunya, na rufe, na zuba garwashi a kan murfi. Can sai ƙamshin bota da sukari ya tashi ya cika gidan, ya haura katanga. Na ji wata tana cewa, "Wallahi ƙamshin gato na." Da na buɗe, sun yi ja-ja-ja, gindin biyu ya ɗan ƙone, da Tanti tana nan da na sha tawul. Dariya ta fara daga wannan kusurwar katanga ta zagaya, wata har ta miƙo hannu tana cewa a ba ta ta gani ko da ƙashi a ciki.

Ni ba su nake kallo ba. Na ɗauki ɗaya wanda ban sa wa ja ba, na hura shi ya huce, na durƙusa na miƙa wa Inna. Ta buɗe tafin hannunta na ɗora mata. Ta dube shi, karo na farko da ta yarda ta dubi abin da ake ta faɗa. Na jira ta gatsa, ba ta gatsa ba. Sai na ga babban yatsanta yana bin gaɓar nan mai kauri, ya hau har inda saman ya karkace, ya tsaya a kan faffaɗan farcen, ya dawo ya sake bi.

Ta ce, "Wanga na ubanka na."

Na ce, "Nashi na, Inna. An sace min rigarshi tun Bobo. Shi ɗai yar rage min."

Ta rufe hannunta a kansa a hankali, yadda ake riƙe hannun mutum ba yadda ake riƙe abinci ba. Sannan ta ɗago ta dube ni cikin ido, hawaye yana bin kuncinta, ta ce, "Ni ina nan ina tsoron Kurmi ta canye min kai. Ashe da shi kat tahi."

Ta share fuska da gefen zane, ta juya wajen katanga ta ce wa matan in sun gama kallo su shigo ta ƙofa kamar mutane. Ta ce wa Zali ta ɗauko wuƙa ta farke buhun nan, ta kori kajin. Ranar Inna ta ci shinkafa har ta nemi ƙari, ina zaune kusa da ita ina kallon kowace loma. Gaton kuwa mata da yara suka cinye shi tas, har da masu ƙonannen gindi. Nata ɗaya ne ba a ci ba. Ta ƙulle shi a bakin zanenta, da ta tashi yin sallar la'asar yana nan a ƙulle.